Thunder Ba Ya Ha'inci, Ƙanena

Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Japan, musamman ga mutanen Samaru da Tudun Wada. Ƙanena ne ya jawo bidiyon nan. Ya turo min saƙon murya daga Zariya yana ta kumfar baki, wai yana buga Pokémon a waya, wasan nan na haɗa dabbobi faɗa, ya saki harin tsawa mai suna Thunder sau biyu duk ya bi iska. "Yaya, wallahi wasan nan cuta yake yi!" To ka kwantar da hankalinka, lissafi ne kawai.

Kowane hari yana da lambarsa ta samun abokin gaba. Ta Thunder 70 ce cikin 100. Da zarar ka danna, wasan sai ya jefa ƙuri'a, in ta faɗo cikin saba'in ɗin nan ka samu, in ba haka ba ka yi asarar zagayen. Kuma kamar ƙwayar ludo take, ba ruwanta da abin da ya fito ɗazu. Don ka kuskure yanzu, babu wanda ya yi maka alkawarin na gaba. Kai, ko samu biyu a jere ma 49 ne cikin 100, bai kai rabi ba.

Ku dubi allon nan da kyau. A sababbin wasannin, ƙarfin Thunder 110 ne, na ɗan'uwansa Thunderbolt 90, amma shi Thunderbolt lambarsa ta samu 100 cif. In ka cire rarar da ke bin iska, Thunder bai wuce 77 ba. Ni dai Thunderbolt nake ɗauka, sai fa in ana ruwan sama a filin, don a lokacin Thunder ba ya kuskure sam. In kuwa rana ta ƙwalle, sai lambarsa ta samu ta sauko 50.

Sai masu watsa ƙasa a ido, wato Sand Attack. Sau ɗaya aka yi maka, lambarka ta koma uku bisa huɗu. Aka jera shida, saura ɗaya bisa uku. Maganinsa sauƙi gare shi: janye dabbarka ka saka wata, ko ka riƙe hare-hare irin su Swift da Aerial Ace waɗanda ba ruwansu da wannan ƙuri'ar.

Amma fa akwai inda ƙanena yake da gaskiya. Bari in matso da wannan kusa da kyamara. Kaset ɗin Pokémon ne na Game Boy, tsohuwar na'urar wasa ta hannu, irin wanda ya fito a nan a 1996, a shagon gwanjo na tsinto shi, takardar jikinsa har ta koɗe. A cikinsa ƙuri'ar daga 0 zuwa 255 take, kuma dole ta gaza lambar harin. To shi mai 100 ɗin 255 aka rubuta masa, saboda haka sau ɗaya cikin 256 sai ya kuskure ba gaira ba dalili. Tun a wasannin da suka biyo baya aka gyara wannan. Kai kuwa sabo kake bugawa, don haka ka je ka sauya harin nan, sannan ka gaishe min da Hajiya.