Me ya sa tsutsar ciki ke dawowa bayan an ba yara magani?

An shiga makaranta, an jera yara, kowa ya tauna ƙwayar albendazol guda ɗaya. Cikin 'yan kwanaki tsutsotsin da ke hanjinsu sun mutu, sun fita ta bahaya. To, ku koma makarantar nan bayan shekara guda a sake gwada kashin yaran. Abin da za ku gani akwai ɓacin rai.

A 2012 masu bincike sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban. Ɗauki macijin ciki, wanda likitoci ke kira askaris. Wata shida bayan magani, yawan masu ɗauke da shi ya koma kashi 68 cikin 100 na yadda yake a da. Da shekara ta zagayo, kashi 94.

Maganin ba jabu ba ne. Yana kashe tsutsar da ya tarar a ciki, amma ba rigakafi ba ne, kuma ƙarfinsa bai kai ga ƙasar da yaro ke wasa a kanta ba. A can ne matsalar take kwance. Macen askaris ɗaya na iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Inda babu masai, ƙwan yana bin kashi ya shiga ƙasa, ya nuna cikin kamar mako uku, ya kuma iya shekaru yana jira. Yaro ya taɓa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan. Ita kuwa tsutsa mai ƙugiya ba ta ma jiran baki, ta fatar ƙafa take shiga idan ana yawo ba takalmi, ta maƙale a hanji tana shan jini.

Haka tsargiya take. Maganinta, firazikwantel, yana kashe manyan tsutsotsin da ke jawo ta, amma katantanwar da ke rainon ƙwayar cutar tana nan a kududdufin da yaron zai koma wanka gobe.

Kada wani ya ce ashe aikin banza ne. Waɗannan tsutsotsi ba sa ƙaruwa da kansu a jikin mutum, sai an sake kwaso su daga waje. Yaron da aka rage wa lodinsu ya samu sauƙin ƙarancin jini da kasala, ko da wasu sun dawo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a maimaita: sau ɗaya a shekara inda masu tsutsar ciki suka kai kashi 20, sau biyu inda suka wuce kashi 50.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda rabon ba ya kai wa. Yaron da ba ya zuwa makaranta bai samu ba, manya a gida su ma ba su samu ba, kuma dukansu suna ci gaba da zuba ƙwai a ƙasar nan ɗaya. Yaron da ya sha magani da safe, a cikinsu zai kwana, sau da yawa a gidan da ba masai, ba ruwa da sabulun wanke hannu.