Darasi: Makonnin farko a sabon gari, da waya da ƙafa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da kwalayen nan da kuke hange a bayana. Wata biyu ke nan da tarewata, uku daga cikinsu har yau ban kwance ba, kuma gaskiya na manta abin da na zuba a ciki. Ƙanena, ɗan karkato kyamarar nan, kada su ba mu kunya. Yauwa.

To, yau za mu yi magana a kan abin da ke biyo bayan ƙaura. Ɗaure kaya da neman mota kowa ya iya, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. Ni abin da ya dame ni shi ne washegari, motar ta tafi, ka farka ba ka san gabas ba balle yamma, sabulu ya ƙare, ba ka san ko ina ake sayarwa ba.

Kafin mu taɓa waya ma, abu ɗaya. Daren farko da wuya ka yi barcin kirki, kada ka ce gidan ne ba shi da daɗi. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun auna ƙwaƙwalwar masu barci a wurin da ba su saba ba, suka ga ɓangaren hagu ba ya nutsawa sosai a daren farko, yana nan kamar mai gadi, ƙaramin motsi sai ya tashe ka. A dare na biyu abin ya daidaita. Ni dai na kwana ina sauraron wani famfo yana ɗiga, yanzu ko ji ba na yi, alhali bai daina ba.

Yanzu ɗauko wayarka, buɗe Google Maps. Na san kowa yana da ita. Abu na farko, sauke taswirar garin gaba ɗaya a cikin waya. Taɓa hotonka a can sama ta dama, ka nemi wurin taswirar da ke aiki ba tare da intanet ba, ka zaɓi naka yankin. Ga akwatin ya fito, sai ka... a'a, tsaya, na matse da yawa, unguwa ɗaya kawai ya ɗauka. Ja da yatsu biyu har sai garin ya shiga ciki da kewayensa. Ni nakan haɗa har da hanyar shigowa gari, don a nan ne sabis ya fi yanke wa mutum. Ka yi wannan da Wi-Fi in da hali, saboda data. Amma ka sani, wannan taswirar hanyar mota kaɗai take nunawa in ba intanet, ba ta lissafa maka hanyar ƙafa ko ta motar haya. Titunan dai za ka gan su, ɗigon nan shuɗi mai nuna inda kake kuma zai ci gaba da binka, don shi ba ruwansa da data. Daga taurarin ɗan'adam yake karɓar saƙo, suna can sama da nisan kilomita 20,000 da 'yan kai, kuma sai wayar ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda kake.

Wannan ya kawo mu wurin da ya ba ni wahala, don haka zan ja shi da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Sa alamar gida. Mutane da yawa suna zaune a ɗaki, a kan katifa, sai su danna ɗigon shuɗi su ce nan ne gida. Kuskure ne. Rufi da bango suna tare saƙon taurarin, wayar sai ta koma hasashe. Kun ga wannan da'ira mai haske-haske da ta kewaye ɗigon? Ita ce ke gaya maka girman shakkar wayar. In da'irar ta yi faɗi, wayar cewa take yi kana wani wuri a cikin nan, amma ba ta san takamaimai ba. Kalli tawa yanzu a cikin ɗaki, ta rufe gidaje kusan goma.

Ni haka na yi ranar farko. Na tura wa mai kawo min gado alamar, bawan Allah ya je layin baya ya yi ta buga ƙofar wasu mutane, yana kirana yana cewa Alhaji ina ƙofar gidanka, ni kuma ina tsaye a ƙofar gida ina cewa Malam ban gan ka ba. Mun fi minti arba'in muna haka. Ya ga laifina, na ga nasa, ashe ni ne mai laifin.

Ga yadda ake yi. Fita waje, ka tsaya daidai bakin ƙofar da baƙo zai ƙwanƙwasa, inda kake ganin sama. Jira. Kada ka danna komai, ba shi kamar minti ɗaya, za ka ga da'irar tana tsukewa. A fili waya takan iya kusantar wurin da kamar mita 5. Sannan ka canza taswirar zuwa hoton sama, wanda ke nuna rufin gidaje, ka nemi naka rufin da idonka. In ɗigon ya kauce, ka yarda da idonka, ka ƙyale ɗigon. Ɗora yatsa a kan ƙofar ka riƙe har jar alama ta faɗo. Ka riƙe fa, ba taɓawa za ka yi ka ɗauke ba. To daga nan ka ajiye ta da sunan gida. Wurin ajiyewar yana yawan canza mazauni duk lokacin da aka sabunta manhajar, amma za ka gan shi.

A jikin wannan alamar, in ka ja ƙasa, akwai wasu 'yan haruffa da lambobi da alamar ƙari a tsakiyarsu, ana ce musu Plus Code. Kwafe su a takarda ka sa a aljihu. Duk wanda ya rubuta su da sunan garin, taswira za ta kai shi ƙofarka ko layinku ba shi da suna. Takarda na ce, don ranar da caji zai ƙare ba ta sallama.

Af, tunda na ambaci caji, taswira na shan batir sosai.  Shi ke nan, mu koma.

Kibiyar da ke nuna inda ka fuskanta takan yi ƙarya, musamman kusa da ƙarfe ko cikin mota. Riƙe wayar ka zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu, kamfas ɗin zai dawo hayyacinsa. Mutane za su kalle ka, ba komai, ai baƙo ne kai. Tura wuri ta WhatsApp kuma kun iya, sai dai a bambance: akwai tura inda kake yanzu, wanda ke tsaye wuri ɗaya, akwai wanda ke binka kana tafiya, na minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Na biyun nake kunna wa matata in zan shiga unguwar da ban sani ba da dare.

To, duk wannan da muka yi, kariya ce kawai don kada ka ɓata. Yanzu mayar da wayar aljihu. Da gaske nake. Na yi mako biyu ina bin muryar nan, juya dama, juya hagu, kullum ina isa inda za ni, amma ranar da aka tambaye ni ta ina ake zuwa asibiti daga gidana, sai na yi tsuru-tsuru, alhali na je sau uku. Idona na kan gilashi, garin ya wuce ta gefena.

Direbobin tasi na birnin Landan sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, abin yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, ta ga sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin gwargwadon girmansa. Mu ba tituna 25,000 muke nema ba. Hanya uku ta ishe ka a makon farko: zuwa wurin aiki ko makarantar yara, zuwa inda za ka yi sayayyar yau da kullum, zuwa kemis ko asibiti mafi kusa. Ka je da taswira, ka dawo ba ita. A kowace kwana ka tsaya ka waiga baya, domin hanya kamanninta daban ne in kana dawowa, wannan shi ke ruɗa mutane. Ka riƙe abin da ba ya motsi, dogon gini, gada, babbar bishiya, tankin ruwa. Kada ka yi irin tawa, na riƙe wata jar mota a matsayin alamar kwanarmu, mai ita ya tashi ya tafi da abarsa. In ka rikice kuma ka tambaya, matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar nan ita ce gaisuwarka ta farko da mutanen layin.

Sai maganar mutane, wadda ta fi ta hanya nauyi. Makon farko ɗoki ne, komai sabo. Ni a mako na uku abin ya kama ni. Kaya sun zauna, masu kira su ji ya sabon wuri sun rage, na dawo daga aiki da yamma ba wanda zan leƙa. Har na fara cewa anya ban yi kuskure ba kuwa. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali wani lissafi ne na Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas, wanda ya fitar a 2018, kuma cikin waɗanda ya bincika har da manya da ba su wuce wata shida da ƙaura ba. Ya ce kafin wanda ka sani sama-sama ya zama abokin hira, ana buƙatar kamar awa 50 tare. Aboki sosai kamar awa 90, amini kuwa sama da 200. Awannin da aka yi ana aiki tare kuma ba su da nauyin na hira da shaƙatawa. Yi lissafi da kanka. In awa biyu kuke haɗuwa a mako, wata shida ne kafin ka cika hamsin ɗin.

Saboda haka dabarata ita ce maimaici. Kanti ɗaya nake zuwa, ko da na gaba ya fi shi kaya, kuma kusan lokaci ɗaya. Hanya ɗaya nake bi da safe. Kwana goma na farko mai kantin ko ɗago kai ba ya yi. Ran nan ina shiga, kafin in buɗe baki ya miƙo min irin sabulun da nake saye, ya ce kwana biyu ban gan ka ba, lafiya? Ranar na dawo gida ina murmushi ni kaɗai. Shi ne ma ya haɗa ni da mai gyaran famfo, ko da yake, kamar yadda na faɗa, famfon na nan yana ɗiga, bai zo ba tukuna.

Lambobin irin waɗannan mutane, ka ajiye su da aikinsu a gaba, sunan a baya, famfo wane, lantarki wane, don ranar da ruwa ke malala ba za ka tuna suna ba. Ranar kwashe shara, lokacin da kantuna ke rufewa, motar ƙarshe da ke shiga unguwarku, duk maƙwabci za ka tambaya, taswira ba ta cika sanin waɗannan daidai ba.

Ƙanena yana min alama wai batirin kyamara ya yi ja. Aikin gida: gobe ka fita ka gyara alamar ƙofarka a waje, ka je wuri ɗaya ka dawo wayar na aljihu, ka rubuto min a sharhi ko sau nawa ka ɓata. Darasi na gaba za mu duba yadda ake canza adireshi a takardu da asusun banki. Sai mun haɗu.