Ragowar ruwan gishiri: abin da na gani a Jubail

Assalamu alaikum 'yan uwana na Damagaram, na Birni da na Zango da na Garin Malam. Ina yi muku magana daga Jubail, a gabar tekun Fasha ta ƙasar Saudiyya, kuma gine-ginen da kuke hange a bayana masana'antar tace ruwan teku ce, wadda ake tura ruwanta ta bututu har Riyad, tafiyar sama da kilomita 400.

A sababbin masana'antu, injin ne ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin matatai, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Cikin lita 100 da aka ɗebo, abin da ke zama ruwan sha ba ya cika kai rabi, sauran kuwa yana fitowa da gishiri kusan ninki biyu na teku. Ku dubi wannan baƙin faranti. Da hantsi na ɗiga masa irin wannan ragowar na ajiye a rana, ga shi ya yi farin ɓawo mai ƙaiƙayi a yatsa.

Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya ƙiyasta cewa masana'antu wajen 16,000 suna samar da lita biliyan 95 na ruwan daɗi kowace rana, suna kuma zubar da lita biliyan 142 na wannan ragowar, fiye da rabinta daga Saudiyya da Daular Larabawa da Kuwait da Katar. Da yake ta fi ruwan teku nauyi, in an zuba ta a teku sai ta kwanta a ƙasansa, ta rage iskar da ƙananan halittu ke shaƙa.

Akwai hanyar cin moriyarta. Ana sake matse ta a sami ƙarin ruwa, sa'an nan a dafa abin da ya rage, a tare tururin ya koma ruwa, har sai gishiri ya daskare shi kaɗai, a fitar da magniziyam da sauran ma'adinai daga ciki. Matsalar ita ce wuta. Tace lita 1,000 ta farko tana cin kilowat-awa 3 zuwa 4, amma dafa ragowar yana cin ninki da yawa na wannan, shi ya sa har yau mafi yawanta teku take komawa.

Abin da ya dame ni shi ne gida. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga Gogo da Arunguza da Ganaram yake zuwa, kuma a ƙasar Manga akwai rijiyoyin zartsi da za a so a kafa musu ƙananan injinan tacewa. Mu ba mu da tekun da zai haɗiye ragowar. In aka kwarara ta a ƙasa, gona za ta mutu, gishirin kuma ya tsiyaye ya koma rijiyar da aka ɗebo shi. A ganina mafita ita ce tafki marar zurfi da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, rana ta ƙafar da ruwan kamar yadda mutanen Bilma ke yi a ramukan gishirinsu tun kaka da kakanni. Don haka duk wanda ya zo ƙauyenku da maganar injin tacewa, ku tambaye shi filin tafkin da kuɗin ledar tun kafin a sa hannu a takarda.