Sabarka tana gudu da safe, ta cije da rana? Dubi harafin t

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu haɗa manhaja. Kwanan nan saƙonni sun yi mini yawa daga Gombe, kuma kukan iri ɗaya ne: an kama hayar saba mai vCPU 2 (vCPU ita ce kason ƙwaƙwalwar lissafi da ake ba injinka) a gajimare, wato ta intanet, shafin duba sakamakon ɗalibai yana tafiya lafiya lau, ranar da aka saki sakamako sai ya cije tun kafin azahar. Wai ko a ƙara girma?

Dakata tukuna. Kalli harafin farko na sunan nau'in injin. A AWS, gajimaren kamfanin Amazon, m na aikin yau da kullum ne, kowace vCPU da gig 4 na RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi. c na lissafi, gig 2. r na rumbun bayanai, gig 8. Wannan ba ya ba kowa wahala.

A kan t ake tuntuɓe, don ita ce mai arha, ita kowa yake ɗauka. Mutumin Gombe ba sai an koya masa tankin ruwa ba: a hankali yake cika, nan da nan yake ƙarewa in baƙi sun zo. To, haka t3.micro, ƙaramar saba ta dangin t mai vCPU 2, take. Tana tara kiredit 12 a awa, ba ta riƙe fiye da 288. Kiredit ɗaya shi ne vCPU ɗaya ta yi minti ɗaya da cikakken ƙarfi. Iyaye suka yi dafifi, vCPU ɗin duka biyu suka ɗauka, kafin awa 3 tanki ya ƙafe. In tana yanayin Standard, sai ta koma kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta. Ɗigo ke nan.

In kuma Unlimited ce, wanda da shi t3 take zuwa, gudu ba zai ragu ba. Bashi za ta ci maka, senti 5 kowace vCPU a awa a Linux. Ka kira mai tanka ba ka tambayi kuɗi ba, kuma da dala za ka biya. Ni dai wannan ya fi ba ni tsoro.

Don haka buɗe CloudWatch, shafin sa ido na AWS, nemi CPUCreditBalance, wato ragowar kiredit, duba mako 2 da suka wuce. In kullum yana taɓa ƙasa, t ba taka ba ce, koma m ko c. RAM kuwa ba za ka gan ta a nan ba sai ka saka ƙaramar manhajar nan, wakilin CloudWatch, a cikin injin.

Canjin sai an kashe injin an kunna. Yi shi bayan isha'i, ba ranar sakamako ba.