3 Body Problem: Me ya hana San-Ti su gama da mu tun yanzu?

[Taurari suna ƙiftawa a sararin sama]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wanda bai gama kallon 3 Body Problem ba ya dakata a nan, ya je ya ƙarasa ya dawo, domin yau sai na fasa ƙwai tun daga kashi na farko har na takwas.

Tun ranar 21 ga Maris, 2024 da Netflix ta saki shirin nan masu kallo suka rabu. A ƙasar Sin, mahaifar Liu Cixin wanda ya rubuta littafin, da yawa sun ji haushin yadda aka kwashi labarinsu aka kai Ingila, aka miƙa shi ga wasu abokai biyar da suka yi karatu a Oxford. Wasu fitowar farko ce ta tsaya musu a rai, inda aka nuna matasa a Beijing a 1966 suna dukan malamin fiziks har ya mutu a gaban 'yarsa. Waɗanda suka riga suka kalli na kamfanin Tencent mai kashi 30, wanda ya fito a 2023, suka ce na Netflix gudu yake kamar ana korarsa. Wasu kuwa sunan masu shirin, David Benioff da D. B. Weiss, kawai suka gani, suka tuna yadda shirinsu na Game of Thrones ya ƙare, suka shiga kallo da ɗar-ɗar.

Duk waɗannan na ji su. Amma akwai tambaya ɗaya da take ta dawowa a bakin masu kallo, har ta sa wasu suka ce labarin ba shi da kai: halittun nan na wata duniya, San-Ti, da suka iya sa taurari ƙiftawa, suka rubuta wa mutum lambobi a cikin idonsa, suka kame kowane allo a duniya lokaci guda, me ya hana su kashe mu kawai a huta? Me suke jira har shekara 400?

A kan wannan zan zauna yau. Sauran bari mu bi ta kai da sauri.

[Ye Wenjie a gaban babban faifan aika saƙo]

Yarinyar da aka kashe mahaifinta ita ce Ye Wenjie. Ta ƙare a wani sansanin soja na sirri, ta aika saƙo sama. Bayan kimanin shekara 8 amsa ta zo, kuma amsar gargaɗi ce: kada ku sake magana, in kun amsa za mu zo. Ita kuwa ta riga ta yanke ƙauna daga ɗan Adam. Ta amsa.

Masu zuwan su ne San-Ti. Duniyarsu rana uku gare ta, kuma babu lissafin da zai faɗa musu yadda ranakun za su kaya nan da dogon lokaci. Wani zamanin su ƙone, wani zamanin su daskare. Matsalar da shirin ya ari sunanta ke nan, kuma ta gaske ce, tun zamanin Newton take wahalar da masana. Don haka suna neman sabon gida, ga namu nan lafiya lau.

Tsakaninmu da su tafiyar haske ce ta shekara 4. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Jiragensu kashi ɗaya cikin ɗari na wannan suke yi, wato kilomita 3,000 a daƙiƙa, kamar a ce Kano zuwa Legas sau uku a daƙiƙa ɗaya. Duk da haka sai sun shekara 400 a hanya. Wannan ya amsa rabin tambayar. Ba jira suke yi ba, hanyar ce da nisa.

To yanzu ku gyara zama.

[Matar nan mai takobi, cikin wasan kwamfuta]

A kashi na biyar, matar nan da ke magana da yawun San-Ti ta yi wani lissafi da mutane da yawa suka bari ya wuce su, domin hankali yana kan jirgin ruwan da aka yanka a mashigin Panama. Cewa ta yi ɗan Adam ya kwashe wajen shekara 90,000 kafin ya koyi noma. Daga noma zuwa masana'antu, wajen 10,000. Daga nan zuwa nukiliya, 200. Zuwa kwamfuta, 50. Ku lura da yadda tazarar take tsukewa. Su kuwa duk lokacin da suka ɗan gina wani abu, ranakunsu sai su rushe shi, a koma farko. Saboda haka idan suka bar mu muka ƙara shekara 400 a kan wannan gudun, ranar da za su iso mu ne za mu fi ƙarfinsu.

Kun ga ke nan tsoronmu suke ji. Yau sun fi mu nesa ba kusa ba, amma yau ba su nan. Abin da suke buƙata shi ne wani abu da zai riga su isowa ya taka mana birki. Me za ka iya jefawa da gudun da ya kusa na haske? Sai abin da kusan ba shi da nauyi. Nan sofon ya shigo.

Sofon furoton ne guda ɗaya, ɗaya daga cikin ƙananan abubuwan da ke cikin ƙwayar zarra. Don ku gane ƙanƙantarsa: furoton ɗin da ke cikin ɗigon ruwa guda, da za a raba wa duk mutanen duniya, kowa sai ya tashi da fiye da tiriliyan ɗaya. A labarin, San-Ti sun warware guda ɗaya kamar yadda ake shimfiɗa tabarma, ya buɗe har ya rufe musu sama, suka zana kwamfuta a jikinsa, suka naɗe shi ya koma yadda yake. Huɗu suka yi. Biyu suka turo mana, biyu suka riƙe.

Ga gaɓar da ake tuntuɓe. Wayonsa ya wuce misali, gudunsa haka, amma har yanzu nauyin furoton ɗaya ne da shi. Ba zai iya ɗaga allura ba. Ba zai shaƙe wuyan kowa ba, ba zai rushe gini ba. Yana gani, yana ji, yana kai rahoto, yana kuma iya ruɗa ido da na'ura. Iyakarsa ke nan.

[Lambobi suna raguwa a idon Auggie]

Lambobin nan da Auggie, ɗaya daga cikin abokan nan biyar na Oxford, take gani, ku tuna lokacin da muke yara, a ɗauko itace mai wuta a baki daga murhu da daddare, a riƙa juya shi da sauri, sai ka ga zoben wuta a tsaye a iska. Babu zobe, ɗigon wuta ɗaya ne yake gudu fiye da yadda ido zai bi. Haka littafin ya bayyana abin: sofon yana kai-komo a kan tantanin ido da mugun gudu yana barin sawu, sawun ya zama rubutu. Bai taɓa lafiyarta ba. Tsoro ne ya sa ta rufe aikinta da hannunta.

Masanan kimiyyar da suka yi ta mutuwa a shirin fa? Ku koma ku duba. Wasu su suka kashe kansu. Wasu mutane 'yan'uwansu ne suka kashe su, mabiyan San-Ti irin su Tatiana. Duk inda aka zubar da jini a shirin nan, in ka bi sawu, yawanci hannun ɗan Adam za ka tarar.

Babban aikin sofon kuwa shiru ake yin sa, kuma tun a mintunan farko na shirin aka nuna mana.

[Zoben na'urar CERN daga sama]

Wannan ita ce babbar na'urar CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, zobe ne a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 27. A cikin irinta ake gwara ƙananan ƙwayoyi da juna, a duba abin da ya tarwatse, a gane da me aka gina duniya. Sofon yana shiga tsakiyar karon ya ɓata sakamakon.

Ku ɗauka mai awon hatsi ce a kasuwa. Kullum da dare wani yana zuwa ya canza mata mudu, ba ta sani ba. Yau ta auna buhu ta sami mudu 40, gobe buhun nan dai ya ba ta 33, jibi 51. Ba a sace mata ko ƙwayar gero ba, amma ciniki ya mutu, domin ba ta ƙara sanin me take sayarwa ba. Kimiyya a kan abu ɗaya ta tsaya: in ka maimaita gwaji, ka sami abin da ka samu jiya. Ranar da wannan ya tafi, wanda ya ba da shekara 30 na rayuwarsa ga aikin zai zauna ya ga kamar duk tatsuniya ya yi ta yi. Ni wannan ya fi yankan jirgin ruwan nan tayar mini da hankali.

Kuma ku lura, ba duka ilimi suka tsayar ba. Siririn zaren da Auggie ta ƙirƙira ya yi aiki, ya yanka jirgi kamar ana yanka kuɓewa. Roka tana tashi, bam yana fashewa. Abin da muka riga muka sani muna iya gyara shi, mu ƙara masa kyau. Sabon tushe ne ba za mu samu ba. Rumbu yana nan cike, iri ne aka lalata.

[Wade a cikin jirgin sama, fitilu suna ɗaukewa]

Sai dai in faɗi gaskiya, masu ƙorafin nan suna da hujja, kuma laifin na masu shirin ne. Sun nuna an goge Tatiana daga hoton kyamarar tsaro. Sun nuna motoci masu tuƙa kansu sun nufi Saul, shi ma ɗaya daga cikin abokan biyar. Sun nuna jirgin saman Wade, jagoran aikin kare duniya, yana girgiza. To in sofon zai iya karɓe sitiyarin mota, me zai hana shi kayar da kowane jirgi a sama? A ganina sun so su burge ido, sai suka ba shi ƙarfin da ya wuce dokar da su da kansu suka kafa. Littafin ya fi riƙe wannan dokar da kyau. Wanda ya rikice a nan, ba rashin fahimtarsa ba ne.

Abu ɗaya kuma da sauri, don kada wani ya kai shi aji. Yadda sofon na nan yake magana da na can nan take, ba tare da jiran shekara 4 ba, an jingina shi da wata alaƙa ta gaske da masana suka tabbatar tsakanin ƙananan ƙwayoyi. Alaƙar tana nan, amma ba a iya aika saƙo da ita fiye da gudun haske. Wannan ɓangaren ƙagen marubuci ne.

Abin da sofon ya kasa shi ne shiga zuciya. Yana jin duk abin da aka furta, yana karanta duk abin da aka rubuta, amma bai san abin da ka ƙudurta ba. San-Ti kansu ba su san ƙarya ba, sai ranar da Mike Evans, jagoran mabiyansu, ya karanta musu tatsuniyar yarinya da kyarkeci, suka gane muna iya faɗin abin da ba shi ne a ranmu ba, suka daina yi masa magana. Shi ya sa a kashi na ƙarshe Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓi mutum uku, har da Saul, aka ce su tsara yaƙin a cikin kawunansu, kada su gaya wa kowa.

[Saul shi kaɗai a gaban allo, kashi na farko]

Yanzu ku koma kashi na farko, wajen da Saul yake zaune cikin dare yana kallon layukan nan da suka karkace a allo, ana shirin rufe musu ɗakin gwaji. Karon farko duk mun wuce wurin muna jiran a fara yaƙi. Ku sake kallonsa a hankali, ku dubi fuskarsa. Jiragen suna da sauran shekara 400, amma harin ya riga ya sauka a ɗakin nan.