Idan Ɓarawo Ya Shiga Sabar Imel da Kalmar Sirrin Ma'aikacinku

Assalamu alaikum. Masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Wuse, Garki da sauran sassan Abuja, wannan bidiyon naku ne.

Oga ya kira ka da sassafe, wai duk imel ɗin da ya tura sun dawo masa. Ka duba, sai ka tarar Spamhaus, ƙungiyar da ke tattara sunayen masu tura saƙonnin banza, ta saka adireshin sabarku, wato kwamfutar da ke aikawa da karɓar imel ɗin ofis, cikin jerin masu watsa shara. Kuma babu wanda ya fasa sabar. Wani ne ya samu kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya, ya shiga ta ƙofa ta 587, wadda ma'aikata ke tura imel ta cikinta, kamar kowa, ya kwana yana tura saƙonnin damfara da sunan kamfaninku.

SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da daga inda imel ya fito, ba za su tare shi ba, domin aikinsu kama mai sojan gona ne daga waje. Wannan kuwa sabarku ce da kanta take sa wa saƙonninsa hannu. Haka manhajar tsaro ta fail2ban, masu cankar kalmar sirri take kora, shi kuma sau ɗaya ya rubuta ta buɗe.

Ina ya samo ta? Galibi shafin bogi ne aka turo wa ma'aikacin, ko kuma kalma ɗaya yake amfani da ita ko'ina. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, zai nuna maka adireshin da bayanansa suka taɓa fallasa.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne ƙayyade abin da ke fita. Gmail na kyauta ma saƙonni 500 yake bari a tura a rana. To me zai sa akantan ofis ya tura dubbai cikin awa guda? Wanda sabarsa ke aiki da manhajar Postfix ya ɗora postfwd don sa iyakar, mai manhajar Exim kuma akwai tsarin iyaka na ratelimit a cikinta. Ka riƙa ƙirga mutanen da aka aika wa, ba yawan saƙonni ba, don saƙo ɗaya kan ɗauki adireshi ɗari. Wanda ya ƙetare iyaka, a tsare saƙonninsa, wayarka ta yi ƙara.

Ka lura da inda ake shigowa. Wanda ya shiga daga Maitama da la'asar, bayan minti goma ya ɓullo daga ƙasashe uku, ai ba shi ba ne. Amma a bi sannu, kada ka rufe wa Hajiya akwatinta tana Umara.

Tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, tana da amfani, sai dai tsofaffin hanyoyin ɗauko imel irin IMAP da POP sukan kewaye ta. Microsoft ta fara rufe shiga da kalmar sirri zalla ta waɗannan hanyoyin a tsarin imel ɗinta na Exchange Online tun Oktoban 2022.

In abin ya riga ya faru, canza kalmar sirrin nan take, ka dakatar da layin saƙonni da umarnin postsuper na Postfix, ka nemo sunan asusun a rajistar sabar, ka goge sharar. Duba ko ɓarawon ya saita tura kwafin wasiƙu zuwa wani akwatin. Sai ka gama wannan kafin ka nemi Spamhaus ta cire ku, in ba haka ba za ku sake komawa jerin.