Zomo Ba Ya Kuka: Yadda Ake Kai Ƙorafi Idan Ana Wahalar da Zomaye a Shagon Dabbobi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗan tsaya ku ɗauka kun shiga shagon dabbobi, ga wani zomo a gabanku. Ya takure a kusurwar keji, ya dunƙule wuri ɗaya, ido rabi a rufe, ko motsi ba ya yi. Mafi yawan masu wucewa cewa za su yi, kai, wannan zomo akwai natsuwa. Yaro ma shi zai nuna ya ce a saya masa, tunda ba shi da ƙiriniya. Amma wanda ya san zomo, in ya ga irin wannan zaman, gabansa ne zai faɗi, domin sau da yawa haka zomo yake zama idan cikinsa na ciwo.

Kare in ya ji ciwo zai yi ta kuka har a kula shi.  Zomo kuwa abin farauta ne tun asali, shaho na nemansa ta sama, dila na nemansa ta ƙasa, kuma wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Saboda haka ɓoye ciwo a jininsa yake. Kafin ciwon ya fito fili har kowa ya gani, ya riga ya ci jiki. Shi ya sa zomo zai iya kwana da kwanaki cikin wahala a shago mai cike da mutane, ba wanda ya ce uffan.

To idan kai ne ka lura, me za ka duba, kuma wa za ka faɗa wa?

Fara da abinci. Kada ka kalli kwanon, kalli ko akwai busasshiyar ciyawa. Kusan kashi 85 cikin 100 na abincin zomo ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, kuma ya kamata a ce tana gabansa dare da rana, tuli guda, aƙalla kamar girman jikinsa kullum. Dalili biyu ne. Na farko haƙora. Zomo yana da haƙora 28, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Haƙoran gaba suna ƙaruwa da wajen milimita 2 a kowane mako. Tauna ciyawa ce ke goge su. In babu ita, turame su yi tsini su riƙa yankar harshe da kumatu, sai ka ga haɓarsa a jiƙe da yawu, ya matso kusa da abinci ya shinshina ya koma.

Na biyu hanji. Cikin zomo kamar injin da ba a kashewa ne, dole abinci ya yi ta wucewa. Zomo ba ya iya amai. Idan hanjin ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura, ciwon ya hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da hanjin. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, maganar likitan dabbobi ce a ranar, babu zancen bari sai gobe. Kuma abincin nan mai launi-launi, gaurayen hatsi da busassun 'ya'yan itace, wanda ke da kyau a ido, yana cikin masu jawo matsalar, domin zomo tsince mai zaƙin yake yi ya bar mai amfanin.

Daga nan sai ka kalli ƙasan kejin. Na san kallon kashi ba abin marmari ba ne, amma a wajen zomo kashi shi ne rahoton lafiya. Lafiyayyen zomo yana ajiye ƙwallaye 200 zuwa 300 a yini, busassu, zagayayyu, kusan girmansu ɗaya. Ƙanana masu tauri, ko babu su gaba ɗaya, alamar hanji ya fara tsayawa ce. Zawo kuwa, musamman ga ɗan ƙaramin zomo, yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Idan gindinsa ya ɓaci da kashi ko fitsari, ga kuma zafi, ƙudaje za su yi ƙwai a wurin, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin naman da ransa.

Hancinka ma ma'auni ne. In warin fitsari ya buge ka kana tsaye, tuna cewa shi hancinsa a kan shimfiɗar yake, yana shaƙa ba dare ba rana. Daga nan atishawa ke farawa, da farar majina, da kwantsa a ido. Duba cikin ƙafafunsa na gaba: in gashin wurin ya cure ya daskare, da su yake share majinar. Duba kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa. Duba ko kansa ya karkace gefe guda.

Sai daɓen da yake tsaye a kai. Zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai tsakanin fatarsa da ƙasa. Daɓen waya yana cinye gashin nan, dunduniya ta yi gyambo. Mai shago yana son waya saboda kashi na zubewa ƙasa, shara ta yi sauƙi. Sauƙin nasa ne, ciwon na zomo.

Game da faɗin wuri, ƙungiyar RWAF ta Birtaniya, wadda aikinta ke nan kula da jin daɗin zomaye, ta ba da shawarar mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a tsayi ga zomaye biyu. Mu yi adalci, wannan ma'aunin gidan zama na dindindin ne, shago kuwa masauki ne na ɗan lokaci. Amma ko a masauki, ya kamata zomo ya iya miƙewa ya kwanta sosai, ya yi tsalle uku a jere, ya tsaya a kan ƙafafun baya kunnensa bai taɓa rufi ba. Kuma lallai ya sami maɓoya. Dabbar da ta saba da rami, a ajiye ta cikin akwatin gilashi, haske ta ko'ina, yara na ƙwanƙwasa gilashin, karnuka na wucewa, babu inda za ta sa kanta, wannan firgici ne daga buɗe shago har rufewa. Idan kejin na jikin taga rana na dukansa, abin ya ƙara muni, domin zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake rage zafin jiki, kuma in zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas ransa na cikin haɗari. Ka taɓa kwalbar ruwan ma ka gani, wani lokaci a cike take amma bakin ya toshe.

Akwai kuma batun shekaru, ko in ce makonni. Ɗan zomo mai mako 4 ko 5 ya fi shiga rai, ya fi saurin sayuwa, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai dai cikinsa bai gama ƙwari ba, raba shi da uwa a wannan lokacin kan jawo zawon da ba ya tashi. Mako 8 shi ne mafi ƙaranci. Ka tambaya ko an raba maza da mata, domin ƙananan nau'o'i kan balaga tun suna wata 3 zuwa 4, goyon cikin kuma wajen kwana 31 ne kacal. Mutum ya sayi zomanya ɗaya, bayan mako biyu ya wayi gari da shida. In ka ga an haɗa zomo da ɓeran Masar a keji ɗaya, shi ma abin magana ne: abincinsu ya bambanta, harbin ƙafar zomo na iya karya ɓeran, kuma zomo na iya ɗauke da ƙwayar cutar numfashi da shi ba ta dame shi ba amma ta kwantar da ɓeran.

Ɗaukar zomo ta kunne kuma, a daina. Ƙashinsa ba shi da nauyi, ƙafafun baya kuwa ƙarfi gare su, in ya yi wutsil-wutsil gindinsa na lilo a iska zai iya karya bayansa da kansa.

Kafin ka zargi kowa, wata 'yar tunatarwa. Zomo da asuba da magariba yake harkarsa, da rana hutawa yake. Wanda ka ga ya baje a gefe ya miƙe ƙafafu, wannan daɗi yake ji. Barci da ido buɗe ma al'adarsa ce. Zubar gashi na lokaci-lokaci ba cuta ba ce. Kuma keji na iya ƙazanta minti goma kafin mai shara ya zo. Don haka in ba abin gaggawa ba ne, sake dawowa wata rana a wani lokaci dabam. Abin da ka gani sau ɗaya tsautsayi ne, abin da ka gani sau uku hali ne.

Yanzu ga yadda ake magana. Rubuta rana, da lokaci, da kejin da ka gani, da launin zomon. In an yarda da ɗaukar hoto, ɗauka ba tare da walƙiya ba, kuma dabbar da kejin za ka ɗauka, ban da fuskokin ma'aikata. Rubuta abin da idonka ya gani kawai. "Suna zaluntar dabbobi" ra'ayi ne, kowa na iya musantawa. "Ranar Talata ƙarfe 4, da ranar Alhamis ƙarfe 11, babu ciyawa a keji na biyu, farin zomon yana majina" hujja ce, sufeto zai iya zuwa ya duba.

Sannan ka sami ma'aikacin da ke wurin, cikin ladabi. Sau da yawa yaro ne ko yarinya da aka ɗauka aiki ba a koya musu komai game da zomo ba, kuma ba su suka zaɓi kejin ba. In ka zo da faɗa, kare kansu za su yi, zomon ya tashi a tutar babu. Ka ce, "Sannu da aiki. Don Allah zomon can na kusurwa, ya ci abinci yau kuwa? Na ga kamar ba ya jin daɗi." Ka tambaya ko likita ya duba shi, ko akwai wurin da ake ware marasa lafiya. Wani lokaci nan take za a kawo ciyawa a canja ruwa, magana ta ƙare.

In ba ta ƙare ba, nemi manaja ko mai shagon, kuma wannan karon a rubuce. Gajeriyar wasiƙa ko imel: ga abin da na gani, ga ranakun, ga abin da nake roƙo a gyara, zan so jin amsa cikin mako guda. In shagon reshen babban kamfani ne, tura kwafi hedikwata. Ajiye naka kwafin.

Mataki na gaba hukuma ce, kuma a nan kowace ƙasa da tsarinta. A Ingila da Wales, dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai riƙe da dabba nauyin buƙatu biyar: muhallin da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama da 'yan uwanta ko ware ta gwargwadon buƙatarta, da kariya daga ciwo da cuta. A Ingila, ƙa'idojin 2018 sun ce ƙaramar hukuma ce ke ba shagon dabbobi lasisi, ita ke aika sufeto, ita ke iya dakatar da lasisin ko ƙwace shi, kuma sun hana sayar da zomon da bai kai mako 8 ba. Akwai kuma ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA, wadda aka kafa tun 1824, tana karɓar rahoton cin zalin dabbobi. A Amurka, jihar Kalifoniya ta hana shaguna cinikin karnuka da kyanwoyi da zomayen da aka kiwata don kasuwa tun farkon 2019, jihar New York ma dokarta ta fara aiki a Disamban 2024. A duk inda kake, tambayar ɗaya ce: wa ya ba shagon nan izinin aiki? Ofishin nan, da sashen kula da lafiyar dabbobi na gwamnati, da ƙungiyar kare dabbobi mafi kusa, su ne ƙofofin. Likitan dabbobi ma zai iya nuna maka wadda za ka fara ƙwanƙwasawa. In kuwa ka ga zomo kwance yana numfashi da baki, ko jini, ko tsutsa a jikinsa, ko zomaye suna mutuwa a jere, tsallake duk matakan nan ka kira hukuma a take. Mutuwa a jere na iya zama cutar zubar jini ta zomaye, wadda sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, tana kuma bin takalmi da tufafi. In kana da zomaye a gida, canja kaya ka wanke hannu kafin ka taɓa su.

Saura abin da ya fi wuya a zuciya. Za ka ji kamar ka biya kuɗi ka ɗauke shi ka huta. Na fahimta, wallahi. Amma a littafin mai shago, abin da ya faru shi ne kaya ya sayu, a kawo wani. Kejin nan ba zai yi mako a wofi ba, kuma ka tafi da hujjar da sufeto zai gani. Ga shi zomo na iya rayuwa shekara 8 zuwa 12, yana buƙatar rigakafi da abokin zama da kuɗin likita, alƙawari ne da bai kamata a ɗauka cikin minti biyar na tausayi ba. In da gaske kana son riƙonsa, roƙi shagon ya miƙa shi ga gidan ceton dabbobi ko gare ka ba tare da ciniki ba.

Facebook da sauran kafafe fa? Suna da tasiri, amma ka bar su a ƙarshe, kuma abin da ka gani da idonka kaɗai za ka rubuta. Ƙari ko na kalma ɗaya ne zai iya juyar da zancen daga zomo zuwa ƙarar ɓata suna.

Bayan ka kai rahoto, karɓi lambar ƙorafin ko sunan ofishin da ya karɓa. Bayan mako guda ka koma shagon kamar kowane mai saye. Je keji na biyu, duba ciyawa, taɓa bakin kwalbar ruwa, kalli ƙasa ko akwai ƙwallaye. In babu abin da ya canja, rubuta ranar a ƙarƙashin na baya, ka sake bugawa ofishin waya.